Yadda Babanmu Ya Rasa Idonsa na Dama

Har yanzu in na shiga tashar Birnin Gwari nakan ga ana jan tsoho da sanda za a sa shi a mota, in na tambaya a ce Kaduna za a kai shi a cire masa yanar ido. Wanda na iya tsayarwa nakan tsayar da shi in ba shi labarin nan. Waɗanda ban iya tsayarwa ba su ne na zauna na rubuta wa, da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci. Sunana Delu. Ina aure a cikin gari, amma a Damari aka haife ni, kuma ni na yi jinyar mahaifina daga farko har ƙarshe.

Baba Tanko manomi ne, sai dai da zuma aka fi sanin sa. Yana da amya a bishiyoyi da yawa cikin daji, kuma babu hanyar dajin da bai sani ba. Abin ya fara ne ba a daɗe da sauya kuɗi daga fam zuwa naira ba. Da farko ɓoyewa ya yi. Sai a ga ya zuba ruwa a gefen moɗa, ko ya gaida mutum da sunan wani. In an yi magana ya ce hayaƙin murhu ne ya shiga masa ido. Ranar da asiri ya tonu, da hantsi ya fita duba amya, har la'asar bai dawo ba. Samari suna shirin bazuwa nemansa sai ga wani Bafillatani ya riƙo masa hannu. Ya ce a bakin wani kwari ya same shi zaune, ya kasa gane gabas da yamma.

Aka aiko mini, na je. Na ɗaga fuskarsa a rana, na ga baƙin idonsa na dama ya yi fari kamar an ɗiga masa nono. Na hagun ma ya fara dusashewa.

Kowa ya zo da nasa magani. Gwaggo Abu, ƙanwarsa, ta kawo kwalli da aka haɗa da wani saiwa. Wani ya ce a ɗiga nonon mai jego. Wani ya ce akwai mutumin da ke zuwa ranar kasuwa, da allura yake ture yanar, nan take a gani. Maƙwabciyarmu Iya Maryamu, tsohuwa Bagwariya da ke zuwa coci, wadda tun muna yara muke cin tuwon gidanta, ita ce ta hana. An taɓa yi mata aikin ido a babban asibiti, tana sa wani tabarau mai kauri.

"Tanko, kada ka bar kowa ya sa maka ƙarfe a ido a gindin bishiya," in ji ta. "Ka je asibitin gwamnati ka bi layi. Akwai wahala, amma ka bi."

Muka tafi Kaduna a farkon damina, muka sauka a ɗakin yayana Magaji, wanda ke aiki a masaƙa. A asibitin gwamnati, layin karɓar kati kaɗai ya cinye mana yini. Layin ganin likita ya ci wani. Da muka shiga, likitan ya haska idon Baba da 'yar fitila, ya ce, "Ta dama ta nuna, ta hagu da saura." Baba ya yi dariya, ya ce ashe yanar ido ma nuna take kamar mangwaro. Amma dariyar ta tsaya da aka ce mutanen da ke gabanmu suna da yawa, sai bayan kaka za a yi masa aiki.

Yaya Magaji ya fusata. Ya ce ba zai zuba ido mahaifinsa ya yi damina guda yana lalube ba, alhali yana ɗaukar albashi. Abokin aikinsa ya gaya masa akwai wani asibitin kuɗi na ido, yau ka je yau a yi maka. Ba zan ga laifinsa ba. Son Baba ne ya sa shi, kuma ni ma da na ji an ce yau yau, sai da zuciyata ta yi sanyi.

Asibitin a saman bene yake, ƙasansa shagon sayar da tayoyi. An shafa masa farin fenti, ga fanka tana juyawa, ga rediyo. Ba wanda ya daka mana tsawa kamar a can. Aka ba Baba kujera. A kan benci muka haɗu da wata tsohuwa, Inna Hauwa daga Kutemeshi, da ɗanta. Da jin maganarmu ta gane 'yan gida ne, muka gaisa, ta ba ni goro.

Mutumin da ake kira dakta ya duba Baba a tsaye, bai ko zauna ba. Ya ce duka biyun zai cire a yau, kuma zai yi mana ragi.

"An ce ta hagu ba ta nuna ba," in ji Baba.

"Waɗancan ba sa son aiki ne, Baba. A yi duka a huta."

Baba ya ce, "A'a. Da na hagun nan nake gane ƙofa. A yi ɗaya in ga yadda ta kaya."

Yaya Magaji ya lallashe shi, ya ƙi. Inna Hauwa kuwa ta ce ita ba ta da ƙarfin hawa mota sau biyu, a yi mata duka.

Inda nake zaune ina hango cikin ɗakin aikin, don labule ne kawai a ƙofar, kuma fanka na ɗaga shi. Na ga an fito da wani dattijo da bandeji a ido. Na ga ma'aikacin wurin ya kwashe ƙananan almakasai da wuƙaƙe ya jefa a wata tasa mai ruwa, ya ɗauraye, ya goge da tawul ɗin da ke rataye a kafaɗarsa, ya jera su a faranti. Aka kira Inna Hauwa. Da ta fito, ya sake jefa su a tasar nan, ruwan bai sauya ba. Taga a buɗe take, ƙudaje na shiga suna fita. Tsakanin mutum da mutum na ga ya ɓare gyaɗa ya watsa a baki, da hannun nan kuma ya yagi auduga.

Ni ban san aikin asibiti ba. Amma ko kwanon da zan tace zuma a ciki ba na yi masa haka. Na matsa kusa da Yaya Magaji na raɗa masa.

"Yaya, ruwa ɗaya suke wanke ƙarafan nan tun ɗazu."

"Akwai magani a ruwan."

"Ka tambaya mana."

Ya tashi ya tambayi ma'aikacin. Shi kuma ya yi murmushi ya ce ruwan magani ne daga Ingila, kada mu damu. Yaya ya dawo ya ce, "Kin ji ko? Kada ki tsorata Baba." Aka kira sunan Baba, ya miƙe ya yi bisimilla ya shiga.

Ba a kwantar da shi ba. Ana gamawa aka ce mu tafi da shi, mu dawo gobe. Washegari da aka kwance bandejin, Baba ya ɗaga kai ya ce, "Magaji, hularka ja ce." Yaya ya fashe da kuka don murna. Ni ma na ji kunyar zargin da na yi. Aka ba mu wata 'yar kwalba ta ɗigawa, aka ce mu koma gida. Ba wanda ya gaya mana abin da za mu yi in ciwo ya taso, ba wanda ya ce mu tsaya kusa. Muka hau babbar mota a hanyar nan mai ramuka, ina riƙe da kan Baba a ƙirjina har Birnin Gwari. A gidana na sauke shi.

Ba mu yi kwanaki ba ya fara cewa idon na masa zugi. Na ɗauka zafin aiki ne. Kafin wani yinin, fatar idon ta kumbura ta rufe, ruwa mai kauri rawaya na fita. Ciwon ya hau masa rabin kai. Mutumin da ko zuma ta harbe shi a fuska ba ya cewa uffan, shi ne na gani yana dafe da bango yana kiran sunan Allah da ƙarfi, hawaye na zuba ta ɗaya idon. Ko kunu ya kasa sha. Gwaggo Abu ta zo da turare da ganye, na ce ba abin da za a ƙara sa wa idon nan. Muka yi faɗa, ta fita tana cewa 'yan boko sun kashe mata ɗan'uwa.

Maigidana, Malam Haruna, ya kira malamin asibitin garinmu. Ya ɗaga audugar ya duba, na ga fuskarsa ta sauya. Ya ja maigidana gefe, amma na ji abin da ya ce: "Wannan ya fi ƙarfina. Ku mai da shi Kaduna yau, ba gobe ba."

Sai da safe muka sami motar hatsi. An kwana ana ruwa. Muna cikin tsakiyar daji muka tarar da motoci sun yi layi, ruwa ya hau kan wata gada ya shanye ta. Babu gari kusa, babu ko rumfa. Na shimfiɗa zanena a ƙarƙashin motar na kwantar da Baba. Jikinsa ya yi zafi kamar garwashi. Yana ta tambaya, "Delu, ruwan ya ja?" Ina cewa ya kusa, alhali ina kallon itatuwa na wucewa a kan gadar. Wata mata mai sayar da ƙosai da ke cikin motarmu ta riƙa jiƙa ɗankwalinta tana ɗora masa a goshi. Ban san sunanta ba, ban sake ganinta ba, Allah ya saka mata da alheri. Sai da rana ta karkata sosai direbanmu ya ce zai gwada. Maza suka shiga ruwan suna nuna masa gefen gada da sanduna, ruwa har cinya. Na rufe ido har muka haye.

Washegari da sassafe ni da Yaya Magaji muka hau benen nan da Baba. Mutum na farko da na gani a kan benci Inna Hauwa ce. Idanunta biyu sun kumbura sun yi suntum, ɗanta na kore mata ƙuda. Kusa da ita ga dattijon nan da aka fara yi wa aiki a ranar, shi ma riƙe da tsumma a ido. Mutum uku, garuruwa daban, rana ɗaya, ciwo ɗaya.

Aka ce dakta ya yi tafiya. Ma'aikacin ya leƙa idon Baba daga nesa ya ce, "Kun bari ruwan wanka ya shiga. Ai an gaya muku." Ya ce akwai wani maganin ɗigawa mai ƙarfi, amma sai an sake biya.

"Su ukun duk ruwan wanka ne?" in ji ni.

Yaya Magaji ya cakumi wuyan rigar ma'aikacin, mutane suka taso. Na ce, "Yaya, sake shi. Faɗa ba zai buɗe idon Baba ba. Nemo mana tasi." Na roƙi ɗan Inna Hauwa ya biyo mu. Ya ce ya riga ya biya kuɗinsa a nan, zai jira dakta ya dawo ya gyara abin da ya ɓata.

A asibitin gwamnati wannan karon ba mu bi layi ba. Wata nas ta ga fuskar Baba, ta ja mu kai tsaye. Likitan da ya ce mana sai bayan kaka, shi muka tarar. Na ɗauka zai yi mana faɗa. Bai yi ba. Ya tambayi inda aka yi, da yadda aka yi, na gaya masa har zancen tasar. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ajiye fitilar.

"Wannan cutar ba a gida ta shiga ba," in ji shi. "Tare da ƙarfen aiki ta shiga."

Maganar nan har yau tana kunnena. Ya ce idon ya riga ya mutu, cikinsa duk mugunya ce, in aka bar shi cutar na iya wucewa cikin kai. Sai an cire shi gaba ɗaya.

Yaya Magaji ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Baba ya ce, "Likita, na hagun fa?"

"Bai taɓu ba, Baba."

"To, alhamdu lillahi. A cire."

Ya dangwala yatsa a takarda, aka shiga da shi.

Makon farko bayan aikin nan ban san ina raye ba. Zazzaɓi ya ƙi sauka, ana ta yi masa allura safe da yamma har mazaunansa suka yi tauri. A baranda nake kwana da sauran masu jinya, a bayan ɗakin muke haɗa duwatsu mu dama kunu. Wasu nas ɗin kamar ka kashe musu uwa in ka yi tambaya. Amma akwai wata doguwa, 'yar kudu, Hausarta a karye, ita ce ta koya mini in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa fuskarsa, ta kuma riƙa tsokanar Baba har ya fara murmushi. A mako na biyu zazzaɓin ya sauka, ya ci tuwo.

A lokacin ne aka kawo Inna Hauwa ɗakin mata. Daktan benen nan bai dawo ba har ɗanta ya gaji da jira. Duka biyun ba a ceto ko ɗaya ba. Na je gaishe ta, ta lalubo hannuna ta riƙe.

"'Yar Damari ce? Yaya babanki?"

"Da sauƙi, Inna. An cire ɗaya."

"Ki ce masa ya riƙe ɗayan da kyau," in ji ta. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi.

Jinyar ta ci bijimin Baba guda, ta ci zumar shekarar gaba ɗaya don ba mai hawa bishiya. 'Ya'yan Iya Maryamu ne suka nome masa gona ba tare da an roƙe su ba. Maigidana ya riƙe yara shi da uwarsa bai taɓa yi mini gori ba. Yaya Magaji kuwa tun ranar da aka cire idon bai sake shiga ɗakin ba. Yakan aiko abokinsa da kuɗi da burodi. Baba ya tambaya sau ɗaya, na ce aiki ne ya riƙe shi, bai sake tambaya ba.

Muka koma gida. Kafin shekara ta zagayo, yanar hagu ta rufe. Baba ya daina gane ƙofa, sai dai ya bambanta rana da inuwa. Ya rantse ba wanda zai sake taɓa masa ido. Ni ma ban matsa masa ba, don tsoron da ke cikina ya fi nasa. Iya Maryamu ce ta riƙa zuwa tana zama kusa da shi.

"Tanko, ai yanzu ma ba ka gani da shi. Me kake ajiya?"

"Ina ganin haske, Maryamu. In suka ɓata, ko shi ba zan gani ba."

"Ni ba ga ni ba? A asibitin gwamnati aka yi mini, ga shi ina tsince tsakuwa a shinkafa."

Sai da ta yi ta zuwa har aka gama girbi. Ranar da ya yarda, ya kira ni ya ce, "Da sharaɗi. Ke za ki zama idona. Ki je ki ga inda suke wanke ƙarafansu. In ranki bai kwanta ba, mu dawo."

Muka sake bin layi, aka ba mu rana, muka jira ta zo. Da aka kwantar da shi, na nemi doguwar nas ɗin nan na gaya mata sharaɗin Baba, ina jin kunya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ba a shiga ɗakin aiki, amma ta kai ni bakin wata taga mai gilashi. Na ga wata babbar tukunyar ƙarfe mai murfi da kusoshi tana huci. Na ga an ciro ƙarafa da dogon abin kamawa, ba mai taɓa su da hannu. Ta ce kowane mutum da nasa faranti, in an gama da shi sai ya koma tukunya. Na ga likita yana goge hannuwansa da buroshi har gwiwar hannu, ya daɗe yana yi kamar ba zai gama ba. Na koma na gaya wa Baba duk abin da na gani. Ya ce, "To, a yi."

Bayan aikin aka kwantar da shi rigingine, aka tokare kansa da 'yan buhunan yashi dama da hagu. Kada ya juya, kada ya yi tari, kada ya yi atishawa. Da cokali nake ba shi kunu. Kowace safiya likita na zuwa ya buɗe ya duba ya rufe, ni kuma ina kallon fuskarsa in ga ko za ta sauya. Duk sanda Baba ya motsa sai in ce, "Baba, yana muku zugi?" Ya ce a'a. In sake tambaya. Har ya ce in na ƙara zai sa a kore ni.

Ranar da aka ɗora masa tabarau mai kauri irin na Iya Maryamu, ya ƙifta, ya ƙifta, ya dubi hannuwansa. Ya dube ni ya ce na tsufa. Sannan ya kalli bakin ƙofa. Yaya Magaji na tsaye a can, rabin jikinsa a waje. Ashe kullum yana zuwa ya tsaya a baranda ya tambayi nas.

"Wancan ba Magaji ba ne?" in ji Baba. "Me ya ramar da kai haka? Shigo ka ɗaukar mini takalmina."

Yaya ya shigo ya durƙusa a gaban gadon. Baba ya ɗora masa hannu a ka, bai ce komai game da abin da ya wuce ba, kuma har ya bar duniya ban ji ya tayar da zancen ba.

Ina gode wa Allah, ina gode wa likitan nan da nas ɗinsa. Amma ba zan ɓoye ba, da layin asibitin gwamnati bai kai wata da watanni ba, da ba mu hau benen nan ba. Likita ya ce ya kai ƙara wurin hukuma. Ban san inda maganar ta tsaya ba. Wanda duk za a yi wa aikin ido, ya tambayi wa zai yi, ya tambayi yadda ake dafa ƙarafan, ya tambayi inda za a sami likitan in ciwo ya taso. Kada ya ba da ido biyu rana ɗaya. In ido ya fara zugi bayan aiki, kada a kwana.

Ranar da aka sallame mu bayan aikin idon hagu, a hanyar tasha na ce wa mai tasi ya tsaya a gaban shagon tayoyin nan. Na bar Baba da Yaya a mota, na hau benen ni kaɗai. Fanka na juyawa, benci cike da tsofaffi da 'ya'yansu. Na tsaya a tsakiya, na gaya musu abin da ya sami mahaifina da Inna Hauwa. Ma'aikacin ya fito ya ce mahaukaciya ce, a fitar da ni. Yawancinsu suka sunkuyar da kai, ba wanda ya motsa, don sun riga sun biya. Na juya na fara sauka. Ina tsakiyar matakala na ji takun sanda a bayana. Wata yarinya ce riƙe da hannun kakarta, suna saukowa a hankali.

"Baiwar Allah," in ji yarinyar, "ina ne asibitin da kika ce?"